Wuni Guda a Birnin Hiroshima

Ya kai mai karatu, idan ka taɓa jin sunan Hiroshima, wataƙila a darasin tarihi ka ji shi, kuma na san abin da ya faɗo maka a rai: bam, da hayaƙi, da toka. Ni ma haka na zata kafin in je. Amma Hiroshima ta yau birni ce mai cike da rai. Mutanenta sun haura miliyan ɗaya, koguna shida ne suka ratsa ta kafin su faɗa teku, ga gadoji, ga kasuwanni, ga yara 'yan makaranta ko'ina. Labarin da zan ba ka na wani wuni ne da na kai iyalina yawon buɗe ido a cikinta, da kuma gardamar da wannan wuni ya jawo a gidana.

Na yi shekara uku ina karatu a jami'a a garin Saijo, wanda ke da nisan kamar minti arba'in a jirgin ƙasa daga Hiroshima. Iyalina suna tare da ni: uwargida, da 'yarmu ta fari mai shekara 11, da ƙanenta mai shekara 5. Ba zan ambaci sunan yarinyar ba, domin a al'adar Hausawa iyaye kan ji nauyin kiran sunan ɗan fari. Wannan ita ake kira alkunya. A gida Yaya muke ce mata, tun da haka ƙanenta ke kiranta. Shi kuwa Auta muke ce masa. Yaya ta shiga makarantar firamare ta unguwa, kuma kafin shekara biyu ta fi ni jin Japananci nesa ba kusa ba. Ita ke karanta mana takardun da ake jefowa ta ƙofa.

Saura wata biyu mu komo gida Nijeriya, sai wata rana da dare ta ce, "Baba, baɗi ajinmu za su je gidan tarihin bam, mu kuwa lokacin mun tafi. Ka kai ni mana."

Kafin in buɗe baki mahaifiyarta ta riga ni. Ta ce, "Malam, yarinyar da ko yankan kaza ba ta iya kallo? Ka kai ta ta ga hotunan ƙonannun mutane, sannan ni in kwana ina lallashi? Ba da ni ba."

Ba zan ɓoye maka ba, ni kaina na sha wucewa ta gaban wannan gidan tarihi ban shiga ba. Kullum ina da uzuri. Muka yi kwana uku muna ja-in-ja, daga bisani muka tsayar da shawara: da safe za mu ziyarci tsohuwar fadar birnin gaba ɗayanmu, sannan mu rabu biyu. Uwargida da Auta su tafi gidan kimiyya na yara, ni da Yaya mu tafi inda ta roƙa. Da ƙarfe biyu mu haɗu a bakin kogi mu ci abincin rana.

Ranar wata Asabar ce a watan Nuwamba, lokacin da sanyi ya fara shigowa, ganyen itatuwa kuma ya koma ja da ruwan ɗorawa. Tun da asuba uwargida ta dafa mana dafa-duka da soyayyen kifi, domin abincin sayarwa a can sau da yawa akan sa masa naman alade ko giya. Ta zuba wa kowa nasa a kwano mai murfi irin wanda Japanawa ke kira bento. Na Yaya na ƙarfe ne, shi takan riƙe ranar da makarantarsu ta fita yawo.

Daga babbar tashar Hiroshima muka hau taragon lantarki mai bin tsakiyar titi. A nan ba a biyan kuɗi sai in za a sauka. Fasinjoji tsit suke, kamar a masallaci, ban da Auta wanda ya manne da taga yana ihu duk lokacin da wani tarago ya gifta. Na yi ta yi masa alama da ido, a banza. Wata tsohuwa da ke kusa da mu ta yi murmushi, ta buɗe jakarta ta miƙa masa alawa. Waɗannan taragu suna da nasu tarihin. Kwana uku kacal bayan faɗuwar bam suka koma aiki a wani ɓangare na layin, kuma har yau akwai tsofaffin taragu, masu lamba 651 da 652, waɗanda bam ɗin ya same su a kan hanya amma aka gyara su suka ci gaba da ɗaukar mutane. Mu dai ba mu dace da su ba a ranar.

Wani basarake mai suna Mori Terumoto ne ya soma gina fadar Hiroshima a shekarar 1589. An kewaye ta da gwalalo, wato babban rami cike da ruwa wanda ke hana abokan gaba isowa jikin ganuwa. Yanzu manyan kifaye masu launi ne ke iyo a cikinsa. Hasumiyar mai hawa biyar ce, sai dai ba ta asali ba ce. Ta asalin ta rushe a 1945, aka sāke gina wannan da kankare a 1958, aka mai da cikinta gidan tarihi. Mun ga takubba, da masu, da sulke, da kwalkwali irin na mayaƙan da ake kira samurai. An tanadi wasu tufafin yaƙi na gwaji don baƙi, aka ɗora wa Auta kwalkwali ya rufe masa ido, yana tafe yana karo da mutane. Uwargida ta yi dariya har da hawaye, ta ce saura doki da lifidi ya shiga hawan salla.

Da muka sauko, na tsaya a gaban wani fili mai ragowar tushen gini. A nan ne hedikwatar sojojin Japan ta zauna a 1894, lokacin yaƙinsu da Sin, har Sarki Meiji da kansa ya tare a birnin. Ka riƙe wannan, mai karatu, domin Hiroshima ta daɗe tana garin barikoki da tashar jiragen ruwan soja kafin ta zama garin kiran zaman lafiya. Can kusa da gwalalo kuma akwai wani tsohon itacen turare, karkatacce, wanda bai kai kilomita ɗaya daga inda bam ya fashe ba. Ya ƙone, amma ya sāke tohowa.

A ƙofar gidan kimiyya na yara muka rabu. Auta ya hango wani tsohon kan jirgin ƙasa mai amfani da gawayi a ajiye a waje, ya sheƙa da gudu, ko waiwayo bai yi ba. Uwargida ta dube ni ta ce, "In ka ga abin ya yi mata yawa, ka fito da ita." Na ce to.

Tafiyar 'yan mintoci ta kai mu ga ginin da kowa ya sani a hoto: kango mai ƙubba wadda ƙarafuna kaɗai suka rage mata. Wani maginin ƙasar Cek mai suna Jan Letzel ya tsara shi, aka kammala a 1915, kuma a da wurin baje kolin kayan sana'o'in lardin ne. Ranar 6 ga Agusta, 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, jirgin saman yaƙin Amurka ya saki bam ɗin nukiliya yana auna wata gada da ke gefen ginin. Bam ɗin ya fashe a sama, kimanin mita 600 daga ƙasa, kusan daidai kan ginin. Shi ya sa ƙarfin bugun ya danno shi daga bisa, wasu bangayen suka tsaya, amma duk wanda ke ciki ya mutu nan take. Kafin ƙarshen shekarar, mutane kimanin 140,000 sun rasu. Bayan yaƙi wasu mazauna birnin sun so a rushe kangon don ganinsa na tayar musu da tsohon ciwo, wasu suka ce a bar shi ya zama shaida. A 1966 majalisar birni ta yanke shawarar adana shi, a 1996 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Muka haye gada muka shiga Dandalin Zaman Lafiya. A tsakiyarsa akwai wani ginin tunawa mai siffar baka, a ƙarƙashinsa akwatin dutse da ke ɗauke da sunayen mamatan. Idan ka tsaya a gabansa ka leƙa, za ka hangi wata wuta da ke ci tun 1964, wadda aka yi alkawarin ba za a kashe ba sai ranar da makaman nukiliya suka ƙare a duniya, can bayanta kuma ga kangon nan, duka a kan layi ɗaya. Wanda ya tsara dandalin da gidan tarihin shi ne Kenzo Tange. Wataƙila sunan baƙo ne a kunnenka, amma in ka taɓa ratsa tsakiyar Abuja ka bi ta cikin aikinsa, domin shi ne ya zana tsarin tsakiyar babban birnin namu.

Na biya yen 200 a ƙofa, yara kuwa kyauta suke shiga. An buɗe wannan gida a 1955, aka sabunta shi a 2019. Ciki da duhu-duhu, an haska kayan kallo kaɗai. Jama'a cike, amma ba ka jin komai sai takun ƙafa. Na yi tsammanin zan ga taswirori da alƙaluma. Akwai su, amma a wani ɓangare dabam. Abin da ya fara tarbar mu kayan mutane ne: yagaggun rigunan 'yan makaranta, da takalmi, da agogon da ya tsaya a kan 8:15, da matakalar dutse ta wani banki inda inuwar mutumin da ke zaune yana jiran a buɗe ta zauna a jikin dutsen.

Na yi niyyar in riƙa shiga tsakanin Yaya da hotuna masu muni, in ja ta mu wuce da sauri. Dabarar ba ta yi aiki ba. Akwai zane-zanen da waɗanda suka tsira suka yi da hannunsu, mutanen da ake kira hibakusha, kuma da yawa sun yi rubutu a gefen zanen. Ni fassarar Turanci nake dubawa, ita kuwa ainihin rubutun hannun take karantawa. Da na ja hannunta sai ta ce, "Baba, tsaya, ban gama ba." Ta riƙa karanta mini a hankali, tana juyawa zuwa Hausa. Wanda ya zo don ya kare ta ya koma mai sauraro.

Mun daɗe a gaban wani keken yara mai taya uku, ya yi tsatsa, ya ƙone. Na wani yaro ne, Shinichi Tetsutani, wanda saura wata guda ya cika shekara huɗu. Yana wasa da shi a ƙofar gida bam ya fashe, ya rasu a daren. Mahaifinsa ya ga ya yi ƙanƙanta da a kai shi maƙabarta mai nisa shi kaɗai, sai ya binne shi a bayan gida tare da kekensa. Bayan shekara arba'in ya tone, ya mai da ƙasusuwan kabarin dangi, ya ba gidan tarihi keken. Yaya ba ta ce komai ba. Ni ma ban ce ba, amma na san wanda ya faɗo mana a rai mu duka biyu.

Sai muka iso ga kwanon abinci. Na ƙarfe ne, ya lotsa, murfin a buɗe, abin da ke ciki ya zama baƙin gawayi. Mai shi Shigeru Orimen ne, ɗan shekara 13. A ranar an fito da dubban ɗalibai irinsa suna aikin rushe gidaje don a buɗe hanyoyin da za su tare gobara idan an kawo hari. Mahaifiyarsa ta yi kwana uku tana nemansa, ta same shi kwance, kwanon a ƙarƙashin cikinsa. Bai kai ga cin abincin da ta zuba masa ba.

A nan Yaya ta ɗago kai ta ce, "Baba, me suka yi aka yi musu haka?"

Na ja ta gefe muka zauna a wani benci. Na gaya mata abin da na sani, ban rage ba. Japan ta mallaki Koriya tun 1910, ta mamaye yankunan Sin da wasu ƙasashen Asiya, sojojinta sun kashe mutane masu ɗimbin yawa, kuma a 1941 ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor. Har cikin waɗanda bam ɗin ya kashe akwai dubban Koriyawa, wasu an kawo su ne aikin tilas. Bayan kwana uku aka jefa bam na biyu a Nagasaki, ranar 15 ga Agusta kuma Japan ta sanar da miƙa wuya. Har yau masana tarihi na jayayya. Wasu sun ce bam ɗin ya gajarta yaƙin ya ceci rayuka, wasu sun ce Japan ta riga ta galabaita, ga kuma Tarayyar Sobiyat ta shiga yaƙi da ita a makon.

Sannan na gaya mata abin da ban taɓa gaya mata ba. Kakana yana cikin dubban 'yan Nijeriya da Turawan mulki suka ɗiba suka kai yaƙin Bama, kuma Japanawa ne abokan gabarsu a can. Ina yaro na sha jin yana ba da labarin ranar da aka ce musu yaƙi ya ƙare. Ya ce sun kwana suna kiɗa da rawa, domin shi dai ya yi imani da an ci gaba da yaƙi, da an tura su wani fagen, da kuma bai sāke ganin gida ba.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke nan da ba a jefa bam ɗin ba, da kakanka bai dawo ba? Da ba a haife mu ba?"

Na ce, "Allah ne masani."

Ka ga laifina, mai karatu? Na tuna murnar tsohon nan, ba kuma zan ce bai yi gaskiya ba da ya yi murna. Amma yaron da ke da kwanon nan ba shi ya ƙaddamar da yaƙi ba, ba a kuma yi shawara da shi ba. A ganina duk hujjar da aka kawo, sai ta zo gaban wannan kwano ta yi bayani, kuma ban ji wadda ta gamsar da ni ba.

Kafin mu fita mun ga wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye na takarda, wasu ba su kai farcen yatsa ba. Sadako Sasaki ce ta naɗa su. Tana da shekara biyu bam ya faɗi, ta tashi lafiya ƙalau, har ta yi fice a wasan tsere. Bayan shekara tara sai gubar nukiliya, wadda ido ba ya gani, ta bayyana a jikinta a matsayin sankarar jini. Japanawa na da wata tsohuwar magana cewa wanda ya naɗa tsuntsu dubu na takarda, irin tsuntsun nan ɗan'uwan gauraka, zai sami biyan bukata. Ta yi ta naɗawa a gadon asibiti, har da takardun ƙunshin magani. Ta rasu a watan Oktoba na 1955 tana da shekara 12. 'Yan ajinta suka soma tara kuɗi, makarantu suka taya su, aka gina mutum-mutumin tunawa da yara a 1958. Wannan labari Yaya ta riga ta san shi daga makaranta, ita ta ƙarasa mini shi.

Ƙarfe biyu da kwata muka iske su uwargida a bakin kogi, ta shimfiɗa tabarma. Auta ya tarbe mu da surutu: ya ga taurari da rana tsaka a cikin wani ɗaki mai rufi kamar ƙwarya, ya hau wancan, ya taɓa wannan. Aka buɗe kwanuka. Yaya ta ɗaga murfin nata, ta dubi shinkafar, ta mayar ta rufe.

Uwargida ba ta ce uffan ba, kallo ɗaya ta yi mini, kuma na fahimce shi sarai. In faɗa maka gaskiya, ba ta yi kuskure duka ba. A makon da ya biyo baya sau biyu yarinyar ta farka cikin dare ta dawo ɗakinmu, kuma uwar ce ta yi lallashin, kamar yadda ta faɗa. Har yau in maganar ta taso takan ce da na bari ta ƙara shekara biyu. Ni kuma nakan ce bayan shekara biyu muna nesa da wurin da dubban kilomitoci. Ba wanda ya kayar da wani.

Muka yi salla a gefen tabarma. Da muka idar, na ga Yaya ta yanki takardar bayanin da aka ba mu a fada ta mai da ita murabba'i, tana koya wa Auta naɗi. Nata ya fito tsaf, nasa kuwa ya fi kama da kaza da mota ta take. Suka kai su wurin mutum-mutumin yaran, inda ake tara tsuntsayen da ake aikowa daga ko'ina a duniya cikin akwatunan gilashi. A ƙarƙashinsa akwai ƙararrawa. Ta ɗaga Auta ya ja igiyar, ya so ya ƙara, ta hana shi.

Sauran wunin ya wuce kamar na kowane iyali. Mun ratsa rufaffiyar kasuwar Hondori, uwargida ta yi cinikin tsarabar da za ta kai wa 'yan'uwa, Auta ya yi rigima a kan wani jirgin wasa har aka saya masa. A tasha na sayi momiji manju, wani ɗan kek mai siffar ganye da aka cusa wa zaƙin wake, wanda aka san Hiroshima da shi.

Magariba ta yi muna cikin jirgin Saijo. Auta ya yi barci a cinyar uwarsa, jirgin wasan a hannunsa. Ba a saba cin abinci a irin wannan jirgi ba, amma taragon ya kusa zama fanko. Na ji motsi a gefena, na duba sai na ga Yaya ta ciro kwanonta daga jaka. Shinkafar ta yi sanyi ƙarara. Ta yi bismilla ta ci, a hankali, har ta tsince ƙwayar ƙarshe. Ta mai da murfi, ta ɗora kwanon a cinyarta, ta ce, "Baba, in mun koma gida, akwai hoton kakan naka?"

Na ce akwai guda ɗaya a wurin gwaggona, yana sanye da kakin soja. Ta ce in mun je tana so ta gani.